Bayan guguwa ta wuce: yadda kuɗin agajin gwamnati ke isa hannun manomin karkara a Amurka

Ranar Laraba 10 ga Oktoba 2018, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Michael ta taso daga teku ta afka wa gaɓar jihar Fulorida, iskarta na gudun da ya kusa kilomita 260 a awa guda. Kafin dare ya yi ta ƙetara iyaka ta shiga kudu maso yammacin jihar Jojiya da sauran ƙarfinta, ta bi ta kan gundumar Seminole, wata 'yar gundumar manoma da mutanenta ba su kai dubu goma ba. A Donalsonville, babban garin gundumar, an auna iskar da ta kai kimanin kilomita 185 a awa. Yankin ƙasar auduga ce da gyaɗa da masara, ga kuma gonakin wata bishiya da ake kira pikan, mai 'ya'ya a cikin ƙwanso, wadda Jojiya ta yi fice wajen nomanta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar auduga, irin su Funtuwa ko Gusau, ya san me ake nufi idan aka ce iska da ruwa sun zo bayan kan auduga ya fashe. An gama kashe kuɗin iri da taki da feshi, farin ya fito, cira kawai ta rage. A wannan shekarar manoman Jojiya na cewa ba su taɓa ganin auduga ta yi kyau haka ba. A dare ɗaya iska ta kakkaɓe ta ta watsa cikin laka. Masanan Jami'ar Jojiya sun ƙiyasta asarar da aikin gona ya yi a jihar ta haura dala biliyan 2.5. Auduga kaɗai ta ɗauki fiye da rabin biliyan, dazuzzukan katako kimanin miliyan 760, an rasa kaji wajen miliyan 2, bishiyoyin pikan da kakanni suka dasa suka kwanta da saiwoyinsu a sama.

Amurka ƙasa ce mai arziki, kuma kuɗin agaji ya zo, biliyoyin daloli. Abin da ya sa na ga ya dace a yi wa lamarin fashin baƙi shi ne hanyar da kuɗin ya bi da tsawon lokacin da ya ɗauka, domin waɗannan biyun su suka tantance wanda ya tsira da gonarsa da wanda ya rasa ta.

A fara da gunduma, tunda ita ce ma'aunin komai. Gunduma a Amurka ta yi kusa da abin da muke kira ƙaramar hukuma. Akwai fiye da 3,000 a faɗin ƙasar, Jojiya kaɗai na da 159. Ma'aikatar Noma ta tarayya tana da wani reshe da ake kira FSA, mai ofisoshi fiye da 2,000 a manyan garuruwan gundumomi, kuma wannan ofishin shi ne ƙofar da manomi ke bi idan yana neman wani abu a wurin gwamnati. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wadda aka fi jin sunanta a labarai, aikinta gidaje ne da tituna da matsugunan wucin gadi. Amfanin gona ba hurumin ta ba ne. Wanda rufin gidansa ya yaye ya nufi FEMA, wanda audugarsa ta zube ya nufi ofishin noma na gunduma.

Kafin a buɗe wasu ƙofofin agajin sai an ayyana gundumar a matsayin wadda bala'i ya shafa. Shugaban ƙasa na iya yin haka, Sakataren Noma ma, wato ministan noma a wurinmu, na iya yi idan asarar aƙalla amfani ɗaya a gundumar ta kai kashi 30 cikin 100. Da zarar an ayyana, manoman gundumar da na gundumomin da ke iyaka da ita na da wata takwas su nemi rancen gaggawa mai sauƙin ruwa, wanda bai wuce dala 500,000 ba. A kula, rance ne, za a biya. Manomin da ya riga ya nutse cikin bashi ba lalle ya yi murna da a miƙa masa wani bashin ba.

A wajen fari ma gunduma ce ma'auni, har ta fi nan tsanani. Tun 1999 ake fitar da taswirar fari ta ƙasa kowace Alhamis, tare da haɗin gwiwar wata cibiya da ke Jami'ar Nebraska, ana yi wa kowane yanki launi gwargwadon tsananin farinsa. Ƙarƙashin dokar noma ta 2018, kafin a sauya ƙa'idar a 2025, idan wani sashe na gunduma ya yi mako takwas a jere a matakin fari mai tsanani, makiyayan gundumar na samun kuɗin abincin dabbobi na wata ɗaya. Idan farin ya haura mataki na gaba, na wata uku, har zuwa wata biyar a mafi muni. Babu wanda zai zo ya duba makiyayarka, taswira ce ke magana. Amfanin wannan shi ne sauri da toshe ƙofar son kai. Illarsa kuwa, makiyayi biyu da shinge ɗaya ya raba, ciyawarsu ta bushe tare, sai ɗaya ya samu ɗaya ya rasa saboda layin gunduma ya bi ta tsakaninsu.

Agajin kansa hawa uku ne, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutum ya ji an ambaci biliyoyi ya ɗauka kowa ya samu.

Hawa na farko inshorar amfanin gona ce, wadda ta samo asali tun 1938. Kamfanoni masu zaman kansu ke sayar da ita, amma gwamnati ke tsara ƙa'idojinta, tana kuma biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin da ya kamata manomi ya biya. Manomi ke zaɓar iya kariyar da yake so, daga rabin abin da ya saba samu zuwa kashi 85. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce "saba". Ana ɗaukar tarihin girbin gonar na shekara huɗu zuwa goma a fitar da matsakaici, shi ake karewa. Don haka manomin Seminole da audugarsa ta 2018 ta zarce duk shekarun baya, inshora ba ta san da wannan rarar ba. Duk da haka wannan hawan ya fi kowane sauri. Manomi zai kai rahoto cikin awa 72 da ganin ɓarna, ma'aikacin kamfani ya zo ya auna, kuɗi ya fito ba tare da an jira wani ɗan majalisa ba.

Hawa na biyu shirye-shirye ne na dindindin da ke rubuce a cikin dokar noma. Akwai na dabbobin da suka mutu fiye da mutuwar da aka saba gani, ana biyan kashi 75 na farashinsu a kasuwa. Akwai na amfanin da kamfanonin inshora ba sa karɓa, irin kayan lambu a wasu gundumomi. Akwai na share gona daga itatuwan da suka faɗi da gyaran shinge. Akwai na bishiyoyin lambu, wanda ke mayar wa manomi har kashi 65 na kuɗin sake dashe. Sai dai bishiyar pikan na ɗaukar shekara bakwai zuwa goma kafin ta fara ba da abin kirki. An biya ka kuɗin dashe, amma shekarun da za ka yi kana ban-ruwa da taki ba tare da ka sayar da ko buhu ɗaya ba, wannan shirin bai san da su ba. Dattijo mai shekara 65 da gonar pikan ɗinsa ta kwanta, lissafin da ke gabansa ya wuce na kuɗi.

Hawa na uku shi ne wanda ake ta hayaniya a kai: kuɗin da majalisar dokokin tarayya ke warewa musamman bayan bala'i ya auku. Ba shi da ranar zuwa, ba shi da adadi, kuma babu dokar da ta tilasta a ba da shi. Nan labarin Michael ya yi ɗaci.

Gwamnatin jihar Jojiya ta yi nata yunƙurin. A Nuwamba 2018 Gwamna Nathan Deal ya kira zama na musamman na majalisar jiha, aka ware dala miliyan 270, aka kuma yi wa masu dazuzzukan katako rangwamen haraji. Amma kowa ya san asarar ta fi ƙarfin jiha, ido yana kan Washinton. Sakataren Noma na lokacin, Sonny Perdue, tsohon gwamnan Jojiya ne, Shugaba Donald Trump ma ya zo yankin da kansa kwanaki kaɗan bayan guguwar. Manoma suka ɗauka kafin sabuwar shekara magana ta ƙare. Ana wata ga wata: ranar 22 ga Disamba sai aka rufe wani sashe na ma'aikatun gwamnatin tarayya saboda taƙaddama kan kuɗin gina katanga a iyakar Meziko. Kwana 35 aka yi, har 25 ga Janairu 2019. Ofisoshin noma na gunduma suna cikin waɗanda aka garƙame na tsawon makonni, daga baya aka dawo da ma'aikatansu bakin aiki ba albashi.

Da aka buɗe gwamnati sai wata rigimar ta taso, kan nawa za a ba tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka, da guguwar Maria ta ɗaiɗaita a 2017. 'Yan jam'iyyar Democrat na neman a ƙara, Trump na cewa an ba su isasshe. Watanni suka shuɗe a haka. 'Yan majalisar yankin, Sanford Bishop na Democrat da Austin Scott na Republican, duk da bambancin jam'iyya, sun yi ta kuka da murya ɗaya. Sai 23 ga Mayu Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin dala biliyan 19.1. A Majalisar Wakilai kuma, da yake ana hutu, ana buƙatar kada kowa ya ƙi, sai ɗan majalisa ɗaya daga Texas, Chip Roy, ya ƙi, aka ƙara jiran kwanaki. Trump ya sa hannu ranar 6 ga Yuni 2019. Daga cikin kuɗin, kimanin biliyan 3 ne na asarar amfanin gona, kuma na ƙasar ne baki ɗaya, har da masu gobarar daji a Kalifoniya da masu ambaliya a jihohin tsakiya.

Sa hannu ba shi ne biya ba. Sai da ma'aikatar ta zauna ta rubuta ƙa'idoji, ta shirya manhajar kwamfuta, ta horar da ma'aikata. Ranar 11 ga Satumba 2019 aka fara karɓar takardun neman shirin da aka sa wa suna WHIP+, wata goma sha ɗaya cif bayan guguwar. Wani kaso kuma, dala miliyan 347, an miƙa wa gwamnatin Jojiya ta raba da kanta ga waɗanda shirin tarayya bai rufe su da kyau ba, irin masu katako da masu kaji da masu shanu. Wannan sai Maris 2020 aka buɗe neman sa.

Ga dalilin da ya sa waɗannan ranakun ke da nauyi. Manomin kudancin Jojiya da bashin banki yake noma. Farkon shekara yake zuwa ya zauna da ma'aikacin banki, a duba ko ya biya na bara, a duba kadararsa, sannan a buɗe masa na bana. Afrilu da Mayu ake shuka auduga da gyaɗa. Wato lokacin da banki ke yanke hukunci a kansa, majalisa na can tana jayayya, lokacin da aka sa hannu kuma an gama shuka. Mai gona babba, wanda ƙasarsa tasa ce, yana da abin jinginarwa, banki zai ɗaga masa ƙafa ya juya bashin bara zuwa na dogon zango. Matashin da ya fara noma shekara biyar da suka wuce, a gonar haya, da tarakta ta bashi, ba shi da abin da zai ajiye a kan tebur sai alƙawarin 'yan siyasa, banki kuwa ba ya karɓar alƙawari a matsayin jingina. Kuɗin da ya zo wa irin wannan bayan ya sayar da kayan aikinsa ihu ne bayan hari. A ganina jinkirin nan shi ne babban zaluncin da ke cikin tsarin, ya fi kowace ƙa'ida da aka rubuta, saboda ba a rubuta shi ba, babu kuma wanda za a kama da laifinsa.

To yaya ake lissafa abin da kowa zai samu? Ana ɗaukar darajar amfanin da ake sa ran gonar za ta bayar, a ɗauki wani kaso daga ciki, sannan a cire darajar abin da manomi ya samu ya girbe, a kuma cire abin da inshora ta riga ta biya shi. Kason ya danganta da irin inshorar da ya saya: wanda ba shi da ita ko kaɗan kashi 70, mai mafi ƙanƙanta kashi 75, mai mafi girma kashi 95.

A ce maƙwabta biyu ne, kowanne ana sa ran audugarsa za ta kai dala 100,000, kowanne ya tsira da ta dala 20,000. Na farko ya sayi inshorar kashi 80, don haka kamfani ya cika masa 60,000 tun kafin hunturu ya fita. Shirin agaji zai ɗauki 95,000, ya cire 20,000, ya cire 60,000, ya ba shi 15,000. Jimlar abin da ya shiga hannunsa 95,000 ke nan. Na biyu bai sayi inshora ba. Za a ɗauki 70,000 a cire 20,000, a ba shi 50,000. Idan aka duba jerin sunayen waɗanda suka karɓi agaji, shi zai bayyana a matsayin wanda ya fi samu, alhali ya tashi da 70,000 ne kacal, kuma kusan duk abin da zai ceto shi yana cikin kason da ya yi shekara guda a hanya. Da gangan aka tsara haka, don kada manomi ya ce me zai sa in sayi inshora tunda gwamnati za ta biya. Shi ya sa ma aka ɗora sharaɗi: duk wanda ya karɓi kuɗin dole ya sayi inshora ta aƙalla kashi 60 a shekara biyu masu zuwa, idan ya ƙi ya mayar da kuɗin har da ruwa. Hujjar tana da ma'ana, ban musa ba. Sai dai wanda bai sayi inshora ba sau da yawa ƙaramin manomi ne mai shuke-shuke iri-iri a 'yar gona, wanda tun farko ba a tsara inshorar don irinsa ba.

Duk wannan lissafin a kan takarda ya tsaya. Kafin ofishi ya saurare ka sai gonarka na da lamba a rajistarsu. Sai ka kasance kana kai rahoton abin da ka shuka da yawan ekar da ka shuka kowace shekara, wanda ga yawancin amfani wa'adinsa 15 ga Yuli ne. Sai ka sa hannu kan takardar kiyaye ƙasa da fadamu. Sai ka kawo rasiɗin gidan gurzar auduga ko na wurin sayar da gyaɗa, wanda zai nuna abin da ka samu. Wanda ba shi da tarihin girbi a rubuce, da matsakaicin gunduma za a auna shi, ko da gonarsa ta fi ta kowa albarka. Manyan gonaki na da akawu da lauya da wakilin inshora da ke cika waɗannan a madadinsu. Ƙaramin manomi shi ne direban tarakta, shi ne makanike, shi ne akawu, a mako ɗaya da yake sare itatuwan da suka tare masa hanya.

Akwai wata matsalar takarda da Bahaushe zai gane nan take, ita ce gonar gado. A kudancin Amurka baƙaƙen fata da yawa sun mallaki ƙasa bayan an 'yanta bayi, amma da yake ba su yarda da kotunan lokacin ba, ko ba su da kuɗin lauya, sai su rasu ba wasiyya. Gonar ta zama ta 'ya'ya, daga nan ta jikoki, daga nan ta tattaɓa-kunne, ba a raba ba, takardar kuma har yanzu sunan kakan da ya rasu shekara 80 da suka wuce ne a kanta. Wanda ya zauna a gida yana nomanta ba zai iya nuna cewa tasa ce ba, 'yan'uwansa kuma sun watsu a Atlanta da Chicago da Detroit. Shekara da shekaru irin wannan manomi ba ya samun lambar gona, wanda ba shi da lamba kuwa babu shi a idon ofishi. Dokar noma da aka sa wa hannu ranar 20 ga Disamba 2018 ce ta buɗe hanyar karɓar wasu shaidu, kamar takardun harajin shekara biyar da suka wuce masu nuna cewa kai ke noman gonar, a madadin takardar mallaka. Gyara ne mai kyau, amma ya zo wata biyu bayan Michael, kuma lamba da aka samu yau ba ta ƙirƙiro tarihin girbin shekara goma da ba a rubuta ba.

Sai maganar kwamitin gunduma, wanda a ra'ayina shi ne abu mafi kyau kuma mafi haɗari a tsarin. Tun zamanin Shugaba Franklin Roosevelt a shekarun 1930 aka kafa al'adar cewa manoman kowace gunduma su zaɓi mutum uku zuwa goma sha ɗaya daga cikinsu, su yi wa'adin shekara uku, su sa ido kan yadda ake gudanar da shirye-shiryen tarayya a yankinsu. Su ke duba takardun agaji, su ke ɗaukar shugaban ofishin aiki. Hikimar a fili take: maƙwabcinka ya san ko ƙanƙara ta sauka a gonarka da gaske, ya san ko kai mai noma ne ko mai ƙarya. Wani jami'i a Washinton ba zai taɓa sanin wannan ba.

Amma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. A jihohin kudu, shekaru masu yawa, waɗannan kwamitoci da ofisoshin rance na gunduma suna hannun manyan manoma fararen fata. Takardar baƙar fata sai ta ɓata, ko a ce kuɗi ya ƙare, ko a amince da rancensa bayan lokacin shuka ya wuce. A 1920 baƙaƙen manoma a Amurka sun haura 900,000, kusan kashi 14 na manoman ƙasar. A ƙidayar 2017 ba su kai 50,000 ba. Dalilan suna da yawa, har da ƙaura zuwa birane da shigowar injina, amma hannun ofishin gunduma na ciki, kuma gwamnati da kanta ta amsa. Wani manomi daga North Carolina, Timothy Pigford, ya jagoranci ƙarar da aka shigar a 1997, aka sasanta a 1999, aka biya dubban manoma dala 50,000 kowanne. A 2010 aka sake ware dala biliyan 1.25 don waɗanda suka makara a zagayen farko.

Wannan tarihin ba nesa yake da hanyar da Michael ta bi ba. A gundumar Lee, kusa da birnin Albany, Charles Sherrod da matarsa Shirley tare da abokansu na gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata sun kafa wata gonar haɗin gwiwa ta baƙaƙen fata a 1969 mai suna New Communities, kusan eka 6,000. Da fari ya addabi yankin a farkon shekarun 1980, sun nemi rancen gaggawa irin wanda maƙwabtansu fararen fata ke samu, hukumar rancen manoma ta lokacin ta yi ta jan ƙafa. A 1985 gonar ta suɓuce musu. Sai a 2009 aka yanke cewa an nuna musu wariya, aka ba su diyyar kimanin dala miliyan 12, shekara 24 bayan ƙasar ta tafi. Daga baya an cire hannun kwamiti daga amincewa da rance, aka kuma ba Sakataren Noma ikon naɗa wakilin marasa rinjaye a kwamitin da ba su da kowa. Amma dattijon da ya ga abin da aka yi wa mahaifinsa a wannan ofishin, ba da sanarwa ɗaya a rediyo za a shawo kansa ya sake taka ƙofar ba.

Game da manyan gonaki, doka ta sa iyaka. A shirin WHIP+ mutum ɗaya ba zai wuce dala 125,000 ba, sai idan kashi 75 na kuɗin shigarsa daga noma yake, a nan zai iya kaiwa 250,000 a shekara. Sai dai iyakar ta mutum ce, ba ta gona ba. Gonar da aka yi wa rajista a matsayin haɗin gwiwar mutum biyar na iya karɓar ninki biyar, ko a shirye-shiryen da ke da sharaɗin cewa sai mutum yana da hannu a noman ma, "hannu" na iya zama gudanarwa daga nesa. Dokar 2018 ta ƙara faɗaɗa ma'anar iyali har ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffa da kawu. Tunda da yawan eka da yawan girbi ake aunawa, mai eka 5,000 zai fi mai eka 50 samu, wannan ba abin mamaki ba ne, asararsa ma ta fi girma. Abin damuwar shi ne abin da ke biyo baya: wanda ya samu kuɗi mai kauri kuma ya iya jure jira, shi ne zai karɓi hayar gonar maƙwabcinsa da ya gaza. Kowane bala'i sai ya bar gundumar da manoma kaɗan masu gonaki manya.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin lissafin kwata-kwata. Ma'aikatan gona da ake kawowa daga Meziko da bizar aikin ɗan lokaci, idan barkono da kabewa suka lalace aikinsu ya ƙare. Ma'aikacin gidan gurza, direban tirela da ke jigilar auduga, mai shagon taki da ya ba da kaya bashi, duk rayuwarsu a kan wannan girbin take, amma shirin noma mai amfanin gona kawai ya sani. Su sai dai su jira kuɗin ya shiga hannun manomi ya gangaro, in ya gangaro.

Masu sukar tsarin daga ɓangaren tsuke bakin aljihu na tambaya: tunda gwamnati na zuba biliyoyi a inshora kowace shekara da hujjar cewa za ta maye gurbin agajin gaggawa, me ya sa har yanzu ake ware wani kuɗin bayan kusan kowane bala'i? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne tun 2017 kusan babu shekarar da asararta ba ta samu nata shirin na musamman ba, kowanne da sabon suna da sabbin ƙa'idoji. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, tunda ana yin sa kowace shekara, ya kamata a daina kiran sa na gaggawa, a rubuta shi a doka da ma'auni sananne da ranar biya sananniya, yadda manomi zai iya ɗaukar takardar ya kai wa banki a watan Janairu. Hawa na farko da na biyu sun nuna hakan mai yiwuwa ne. 'Yan majalisa ne ba su son sakin wannan igiyar, domin ƙudurin agaji abin ciniki ne mai tsada a hannunsu.

Ranar 26 ga Satumba 2024 wata guguwar, Helene, ta sake shigowa ta Fulorida ta ratsa Jojiya, wannan karon ta ɗan karkata gabas, ta bi ta Valdosta ta nufi Augusta. Auduga ta sake zubewa, pikan da katako suka sake kwantawa, kuma ƙiyasin Jami'ar Jojiya ya nuna asarar ta ninka ta Michael. Majalisa ta fi sauri a wannan karon: ranar 21 ga Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ware kimanin dala biliyan 21 don asarar bala'o'in 2023 da 2024, da wasu biliyan 10 don faɗuwar farashin amfanin gona. Neman babban kason asarar amfanin gona kuwa, sai a Yuli 2025 aka buɗe shi a ofisoshin gunduma, lokacin audugar sabuwar shekara ta riga ta fara fure, kuma zagayen farko na waɗanda ke da inshora ne.